Ramukan Zinarin Tsohon Birnin Gwari

Mai karatu, in ka baro Gayam ka je Tsohon Birnin Gwari, ka ratsa daji a ƙafa, sai ka kula da inda kake takawa, don akwai tsofaffin ramuka da ciyawa ta rufe. Turawa ne suka bar mana su. A 1913 suka fara haƙar zinari a Arewa, harkar ta bunƙasa a shekarun 1930. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, hankalinsu ya koma kan kuzar Jos, inda aka kwashi talakawa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944. Sai aka watsar da ramukan, ba a ko cike su ba. Daga baya 'yan ƙasa suka koma haƙa da diga da shebur, 'yan bindiga kuma suka biyo ƙanshin zinarin, har shiga dajin ta zama kasada.