Daga Duba-gari Zuwa Mai Rasit: Waiwaye Kan Tsaron Abinci a Mafoni

Sunan Mafoni ya girme Yerwa. Tun kafin Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa fadarsa a Yerwa, wato Maiduguri ta yau, cikin 1907, Turawan Ingila sun riga sun girke sansanin sojansu a Mafoni, kusa da kogin Ngadda. A wannan sansani ne zazzaɓi ya kashe wani hafsansu, Kyaftin Claud Alexander, a watan Nuwamban 1904, aka binne shi a wurin. Irin wannan mutuwa ta fi mashi da kibiya tsorata Nasara, kuma daga wannan tsoro ne dokokin tsabta na farko suka fito. Ba don tausayin talakan Borno aka fara rubuta su ba. A 1917 aka yi dokar lafiyar jama'a da dokar tsarin birane, kuma ƙa'idar Gwamna Lugga ita ce a bar fili na yadi 440 babu gida tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, wai don kada sauro da cuta su tsallaka. To amma naman da kukun Bature zai dafa daga mahautar gari yake fitowa, madara da ƙwai kuma daga hannun talaka. Dole ta sa aka tsallako filin aka shigo gari da bincike.

Wanda aka turo shi ne duba-gari. A 1932 aka buɗe makarantar koyon aikin tsabta a Kano, inda En'e-En'e na Arewa suke aika yaransu su koyo aikin su dawo gida. Dattawan da suka riski wancan zamani ba su manta da shi ba. Ya shigo da kakinsa da littafinsa, ya nufi randa, ya buɗe, ya ɗebi ruwa a moɗa ya ɗaga ta sama yana neman tsutsar sauro. Daga nan sai bakin rijiya, sai shadda, sai kwatar da ruwan wanke-wanke ke bi ya fita waje. In ya ga abin da bai gamshe shi ba ya rubuta, kwana kaɗan sammaci ya iso, maigida ya tsinci kansa gaban alƙali. A mahauta kuwa tun da asuba yake tsaye. Kafin a ɗauki nama zuwa kasuwa sai ya tsaga hanta ya duba ko da tsutsa, ya matsa huhu ya ji ko da ƙulluttukan tarin fuka. Abin da ya ce ba zai ciwu ba, rami za a haƙa masa, komai asarar mahauci.

Akwai zalunci cikin aikin, kada a ɓoye. Shigar baƙon namiji gidan kulle ba ƙaramin abu ba ne a Yerwa, kuma an sha cin tarar wanda ba shi da na cefane. Sai dai akwai wani tsari da ya kamata a lura da shi, domin shi ne muka yi sakaci da shi daga baya. A wancan lokaci ido ne ke gaba, takarda na biye. Mai neman izinin buɗe gidan burodi ko rumfar tuwo sai an je an ga wurin, an ga inda zai samo ruwa da inda zai zubar da shi, sannan a ba shi izini. Mai dubawar nan shi ke da bakin cewa a'a. Bayan haka kuma ga Bulama, wanda ya san kowace mai ƙosai a unguwarsa da sunan mijinta, ga Lawan a samansa, har zuwa fada. Kasuwa da mahauta da fili da kotu duk a hannu ɗaya suke, saboda haka babu mai cewa wannan ba hurumina ba ne.

Sai gari ya fara girma fiye da yadda aka tsara shi. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964. A 1967 ta zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas, a 1975 aka kafa jami'a, a 1976 aka ƙirƙiro Jihar Borno. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan ci-rani suka cika gari, mutanen da ba su da wadda za ta girka musu a gida, sai cin abincin saye ya zama ruwan dare. Ana cikin haka cutar amai da gudawa ta shigo ƙasar nan a ƙarshen 1970, kuma a 1971 kaɗai ta kama sama da mutum dubu 22 a Nijeriya, ta kashe kusan dubu uku. Yankin tafkin Chadi ya sha ta tun zuwan farko, bai kuma rabu da ita ba har yau.

A daidai lokacin da ake buƙatar ƙarin ido, sai aka shiga rarraba aikin. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka izinin gina shago ko gidan abinci ya koma ofisoshin jiha, inda a yau hukumar tsara birane ta jiha ke duba zanen gini, hukumar BOGIS ke riƙe da takardun fili. Shi kuwa kundin tsarin mulki, na 1979 da na 1999, ya bar wa ƙaramar hukuma mahauta da kasuwanni da makewayin jama'a da kwashe shara, da kuma sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci. A takarda wannan rabo ba shi da aibu. A ƙasa kuwa, mai duba zanen gini ya ga taga da ƙofa da nisan gini daga titi, ya sa hannu, ba tare da ya san za a dafa abinci a ɗakin da ke jingine da shaddar maƙwabta ba. Ma'aikacin lafiya sai ya zo ya tarar da gini ya riga ya tsaya, tukunya na kan wuta. A unguwa irin Mafoni, mai tsofaffin gidaje da lunguna matsattsu, yawancin shagunan ma ba a nema musu wani izini ba. Zaure ne ko ɗakin waje aka fasa wa ƙofa ta titi, shi ke nan ya zama wurin sana'a.

Gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta zo da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, ta kuma sa aikin gayya na sharar gari a ranar Asabar ta ƙarshen wata. An share kwatoci, an rushe rumfuna, mutane sun ji tsoro. Amma bulala ba ta gwada jinin mai sayar da abinci, kuma da gwamnatin ta tafi tsoron ya bi ta.

Kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, a 1993 ci gaba ne na gaske, musamman daga 2001 da Dora Akunyili ta karɓi ragamarta ta sa wa jabun magunguna da masu zuba sinadarin bromate a burodi ƙahon zuƙa. Sai dai hurumin NAFDAC abin da aka sarrafa aka ƙulle a leda ko gwangwani ko kwalba ne. Burabiskon da ake zubawa a faranti, da tsiren da ake naɗewa a takarda, da furar da ake damawa a ƙwarya, da kifin banda na hanyar Baga, duk suna nan a wuyan ƙaramar hukuma. Mafi yawan abin da mutumin Mafoni ke sawa a bakinsa a waje ba shi da lambar NAFDAC, ba zai kuma taɓa samu ba.

A ganina, inda aka yi babban kuskure shi ne lokacin da lasisin abinci ya tashi daga hannun sashen lafiya ya zama abin da sashen kuɗin shiga ya fi damuwa da shi. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta jera kuɗaɗen da ƙaramar hukuma za ta iya karɓa, ciki har da na shaguna da na mahauta da na kasuwa. Manufarta ita ce rage yawan haraji barkatai, kuma ba laifi ba ne hukuma ta nemi kuɗin aiki. Amma ƙaramar hukumar da kasonta ke maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha, idonta kan abin da zai shigo yau yake. Kowane shago da aka hana wa izini, a lissafinta, asara ne. Haka takarda ta wuce gaba, ido ya koma baya, har ya zama a garuruwa da yawa na Arewa in ka tambayi mai abinci ko hukuma na zuwa wurinta, sai ta ce suna zuwa mana, ta jawo maka rasit. Alhali ƙa'idar aikin tana nan ba ta sauya ba: a gwada lafiyar mai taɓa abinci akai-akai, a duba wuri kafin a ba da izini, a ba mai laifi takardar gargaɗi da wa'adin gyara, in ya ƙi a kai shi kotu ko a rufe wurin. An ma kafa majalisar yi wa jami'an tsabtar muhalli rajista a 2002, kuma kwalejin fasahar lafiya ta Maiduguri na yaye ɗalibai a wannan fanni. Yaran suna nan da takardunsu. Ɗaukar aiki ce ta tsaya.

Daga watan Yulin 2009 kuma sai rikicin Boko Haram ya rufe komai. Ƙaramar hukumar birnin Maiduguri, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da rabin miliyan, ta wayi gari da ɗaruruwan dubban 'yan gudun hijira daga Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno da Baga, kuma akasarinsu ba sansani suka shiga ba, gidajen 'yan'uwa suka raɓa a cikin unguwanni. Matar da aka kashe wa miji, aka ƙone mata gona, wace sana'a ce ta fi kusa da hannunta? Kasko da murhu. Awara, ɗanwake, masa, taliya da manja. Duk wanda ya ce a kore su daga bakin titi bai san abin da ya faru da Borno ba.

Amma ka tsaya minti biyar a gefen irin wannan teburi ka duba da kyau. Ruwan daga kurar mai sayar da ruwa aka saye shi, jarka-jarka, kuma ba ta san daga wace rijiyar burtsatse ya ɗebo ba. Roba biyu ce a ƙasa, ɗaya ta kumfa ɗaya ta ɗauraya, kuma tun safe har azahar ba a sauya ba, domin kowace jarka kuɗi ce da za a cire daga ribar da ba ta taka kara ta karya ba. Taku biyu daga nan kwata ce a buɗe. Matar nan ba ƙazama ba ce. Dubi yadda ta goge teburinta ta lulluɓe abincin da farin ƙyalle. Babu wanda ya taɓa zuwa ya nuna mata yadda ake sa sinadarin kulorin a ruwa, ko ya ce ta matsa gaba kaɗan daga kwatar. Wanda ya zo ya karɓi na hukuma ya wuce.

Sakamakon ba ya ɓuya. A watan Agustan 2017 amai da gudawa ta ɓarke a sansanin Muna Garej, ta kama sama da mutum dubu biyar a jihar, ta kashe kimanin sittin, har aka yi gangamin ɗiga rigakafinta. A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka karya turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, kuma kowa ya san abin da rashin wuta ke yi wa kaza da kifi da madara a zafin Maiduguri. Ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, 'yan kasuwa suka bazu a tituna kafin a sake gina ta. Sannan ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, shekara talatin bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da Gwange da Gamboru da asibitin koyarwa, ya haɗe shadda da rijiya da buhunan hatsi. Da ruwa ya janye sai aka ga ana wanke kayan da suka nutse ana shanyawa a rana don a mayar da su kanta, har sai da jami'an NAFDAC suka bi kasuwanni suna kwashewa. Farkon Oktoba gwamnatin jiha ta ba da sanarwar ɓullar amai da gudawa. Wanda ya shanya kayan nan jarinsa ne gaba ɗaya ya nutse, ina tausaya masa ƙwarai, amma yaron da zai ci ba shi da laifin komai. Wanda ya kamata ya tsaya tsakanin su biyun tun ranar farko shi ne jami'in tsabta na unguwa, wanda ya san shagunan ɗaya bayan ɗaya.

Hukumar kare muhalli ta jiha, BOSEPA, na ƙoƙarinta wajen kwashe shara da yashe magudanai, ƙungiyoyin agaji kuma sun taimaka da ruwa da magani. Amma aikin duba abinci aiki ne na kullum, na ƙafa, na mutumin da aka sani a unguwa, kuma kundin tsarin mulki ya faɗi mai shi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka uzurin rashin kuɗi ya kusa ƙarewa.

Kirana ga shugaban ƙaramar hukumar birnin Maiduguri da kansilan Mafoni shi ne a ɗauki jami'an tsabta, maza da mata, a ba kowace mazaɓa nata, su yi aiki tare da Bulamomi. Kada mai karɓar kuɗi ya yanka wa wurin abinci rasit sai ya ga sa hannun wanda ya duba wurin. Hukumar tsara birane kada ta amince da ginin gidan abinci ko gidan burodi sai sashen lafiya ya je ya gani. Gwajin lafiyar mata masu ƙananan sana'o'i kuma a yi musu shi kyauta a asibitin unguwa, a fara tun yanzu, kada a jira damina ta kama.