Wa Zai Gaji Majema? Hujjar Kafa Sakandaren Fasaha da Al'adu a Birnin Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala na kare ra'ayin cewa birnin Sakkwato na buƙatar babbar sakandare ta musamman, wadda za ta shirya ɗalibai su ci abinci da fasahar hannu da adabi da adana kayan tarihi. Gado ya gaza riƙe waɗannan sana'o'i shi kaɗai, boko kuma bai karɓe su hannu bibbiyu ba. Mafita ita ce a shigo da gwanayen gida cikin aji a matsayin malamai.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a majema ya san jima ilimi ce. Majemi zai jiƙa fatar akuya cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya karce ta da kartaji, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa yana juyawa yana dubawa har ta ƙoshi, sannan a shafa mata mai, a rina ta ja da karan dafi. Kowane mataki da lokacinsa: a yi gaggawa ta ƙandare, a yi sakaci ta ruɓe. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a Arewacin Afirka, suka laƙaba mata sunan Maroko, suka yi wa littattafansu bango da ita. To yau, uban da ɗansa ke son likitanci ya san makarantar kimiyyar da zai kai shi. Wanda ɗansa ke sha'awar wayar lantarki ya san hanyar kwalejojin koyon sana'a na Farfaru da Runjin Sambo. Uban da Allah ya ba ɗansa hannun zane ko harshen waƙa fa, ina zai nufa?

2.0 Makarantar da muka gada

Sakkwato ba baƙuwar koyar da fasaha ba ce. A Maƙera Assada yaro kan fara da zuga, ya daɗe yana kallon launin wuta kafin a miƙa masa masaba. Haka abin yake a gidan kiɗa: Musa Ɗanƙwairo ya tashi a ƙungiyar mahaifinsa, ya yi amshi a ƙarƙashin yayansa, kafin ya ja nasa ayarin. Malamai ma sun ɗauki fasaha a matsayin kayan aiki. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajojinta, wato matan da ta naɗa malamai, suka haddace, suka kai wa matan karkara ta hanyar ƙungiyar 'Yan Taru. Shehu Shagari, lokacin yana malamin makaranta, da waƙa ya koya wa ɗalibansa labarin ƙasa a cikin Waƙar Nijeriya.

Wannan tsari ya raunana ne saboda dalilai sanannu. Yaron da a da yake wuni a gindin mahaifinsa, yanzu safiyarsa ta boko ce, yammacinsa na Islamiyya. Takalmin roba da jakar kamfani sun karya farashin aikin baduku. Fata kuma ana kwashe ta ɗanya zuwa masana'antun Kano. Idan sana'a ta daina ciyar da gida, uba da kansa ne zai ce wa ɗansa ya nemi wata hanya.

3.0 Ƙoƙarin boko da inda ya tsaya

Tun makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano, wadda aka buɗe a 1909, aka ware sashen sana'o'i inda ake koyar da dukanci da ƙira da sassaƙa. A 2011 sabuwar manhajar babbar sakandare ta zo da darussan sana'a 34, ciki har da aikin fata da rini da ɗaukar hoto. A 2025 aka rage su zuwa shida, kuma babu aikin fata ko rini a cikinsu. Ko a lokacin da darussan suke cikin manhaja, matsalarsu ɗaya ce: sana'ar hannu ba ta koyuwa da alli. Ɗalibin da ya haddace matakan jima a allo, bai taɓa jin warin kwatarniya ba, zai iya cin jarrabawa, amma ba zai iya jeme fata ɗaya ba. Malami mai takarda ba shi da hannu, mai hannu kuma ba shi da takardar da za ta ba shi izinin shiga aji. A wannan giɓi ne ilimin yake zurarewa.

4.0 Siffar makarantar da ake buƙata

Shawarar ita ce makaranta ta shekara uku, mai sassa uku. Na farko shi ne fasahar hannu: jima, dukanci, rini, ƙira da ɗinkin hannu, tare da lissafin kasuwa da zanen kwamfuta. Na biyu adabi da aikin murya: rubutacciyar waƙa da karinta, wasan kwaikwayo, shirin rediyo da ɗaukar fim. Na uku adana tarihi: karatun ajami, zayyana, gyaran tsofaffin takardu, ɗinkin tadarishi da gafaka. Birnin da ke da Hubbaren Shehu da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ba zai rasa wurin gwaji ba. Ɗalibin da ya koyi raba takardun da suka manne ba tare da ya yaga su ba, ya share musu ƙura, ya ɗauke su hoto, ya rubuta bayaninsu, ya samu aikin da ake nema ruwa a jallo.

Da safe a yi darussan da kowa ke yi, domin ɗalibi ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO. Da yamma a shiga rumfar aiki a ƙarƙashin majemi ko baduku ko marini na ainihi, wanda gwamnati ta ɗauka da albashi da mutunci. Hukumar NABTEB ta ba da shaidar sana'a. Daga nan ƙofa a buɗe take zuwa cibiyar nazarin fata ta Zariya, ko sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Game da ɗaukar nauyi, akwai misali: makarantar BRIT da aka buɗe a Landan a 1991, inda mawaƙiya Adele ta yi karatu, kyauta ce, gwamnati da masana'antar waƙa ke ɗaukar nauyinta. Darasin da ke ciki shi ne masu cin ribar sana'a su sa hannu a renon magadanta. A wurinmu dillalan fata da gidajen rediyo ne.

5.0 Sukar da za a yi

Wasu za su ce Sakkwato garin malamai ne, ba na makaɗa ba. Amsa ita ce mafi yawan abin da aka lissafa, daga zayyanar Alƙur'ani zuwa waƙar wa'azi, a zauren malamai ya girma, kuma ya kamata malamai su zauna a kwamitin tsara manhajar. Wasu za su ce jima da ƙira na 'yan gado ne, ɗan wani gida ba ya shiga. Wannan raini shi ne ya fi cutar da sana'o'in, kuma makaranta ce maganinsa, domin a aji ƙwazo ake dubawa, ba asali ba. Masu cewa babu kuɗi kuwa, ba sai an gina sabon wuri ba. A fara da sashe ɗaya a makarantar da ke akwai.

6.0 Kammalawa

Gwanayen da suka san sirrin bagaruwa da karan dafi suna nan da ransu, amma shekaru sun ja, kuma da yawansu babu yaro a gabansu. Manhaja tana iya jira a sake bitarta. Tsoho ba ya jira. Abin da ya rage ga Ma'aikatar Ilimi da Majalisar Sarkin Musulmi da jami'o'inmu shi ne su haɗa dattijon majemi da yaro mai sha'awa a rumfa ɗaya, tun kartajin yana hannun wanda ya san riƙonsa.