Me Ya Sa Ɗan Dambe Ke Ɗaure Hannu Ɗaya?

A damben Turawa hannu biyu ake sa wa safa. Ɗan damben Hausa kuwa ɗaya yake naɗewa da tsumma, ya bi shi da zare har ya yi tauri kamar kan taɓarya, ɗayan ya miƙa shi gaba, tafi a buɗe. A majalisun Arkilla da ke Sakkwato, idan samari sun yi cincirindo kan waya suna kallon wasan Dei-Dei ko na Kano, ba a rasa mai tambaya: "Wai wanga salo daga ina ya hito?"

Amsar da ta fi daɗin ji ita ce Masar. Wani manazarci Ba'amurke, Edward Powe, wanda ya fitar da littafi kan wasannin jarumta na Arewacin Najeriya a 1994, ya lura cewa tsayuwar ɗan dambenmu da ɗaurin hannunsa sun yi kama da wasu zane-zanen zamanin Fir'aunoni. Maganar ta samu karɓuwa nan da nan, domin mu mutane ne masu son asalin gabas: Daurawa na da Bayajidda na Bagadaza, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya kawo a Infaƙul Maisuri cewa Gobirawa daga Kibɗawan Masar suka fito. Amma kama da wane ba wane ba ne. Tsakanin zanen da fagen dambenmu akwai shekaru dubbai da hamada guda, hujjar kuwa ba ta wuce kamannin ba.

Wasu sukan ce ai wasan mahauta ne, a tambayi Sarkin Fawa. Gaskiya ne 'yan fawa suka riƙe dambe, su ke zagaya ƙauyuka da kaka, kalangunsu ne kiɗansa. Wannan ya faɗa mana masu wasan, bai faɗa mana dalilin hannu ɗaya ba.

Ni a ganina amsar tana bakin 'yan damben kansu. Hannun da aka ɗaure sunansa mashi, na gaba garkuwa. Wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa ba a cewa ya ci, cewa ake ya kashe shi, ko da gwiwa ce kawai ta taɓa ƙasa. In an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa. Dubi tsayuwar ma: ƙafar garkuwa a gaba, jiki a karkace, mashi a ja can baya ana lilo da shi ana neman kafa. Haka dakare yake tsayuwa a fagen fama. Ko bahago, wanda 'yan dambe ke shakka, ana shakkarsa ne don mashinsa na zuwa ta gefen da garkuwa ba ta saba tarewa ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A ƙasar Filifin akwai wasan sanda da wuƙa mai suna uku: arnis, eskrima da kali. Biyun farko daga Sifaniyanci suke, na ukun har yau ana gardamar asalinsa, kuma a 2009 aka yi doka ta mayar da arnis wasan ƙasa. A can ma hannu ɗaya ke riƙe makami, ɗayan, wanda suke kira rayayyen hannu, yana tarewa yana ture na abokin gaba. Ba wanda ya ce daga Masar suka koyo. Al'ummar da ta yi yaƙi da makami a hannu ɗaya, wasanta na iya raba wa hannuwa aiki.

Saboda haka na fi karkata ga cewa dambe atisayen mashi da garkuwa ne da ya rayu bayan an jingine makaman. Sai dai mutanen Filifin sun rubuta salon malamansu da sunayen sara, mu kuwa 'yan dambe irin su Shago da Ɗandunawa ma a waƙar Ɗan Anace muka fi saninsu. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tsofaffin 'yan dambe da makaɗansu suna nan Sakkwato da ƙauyukanta. A je da rikoda a ɗauko bayaninsu tun suna da rai.