Labarin Dutsi ta Ƙasar Zurmi da Mutanen da Suka Zauna Cikinta

Garin Dutsi yana cikin ƙasar Zurmi, a kan tsohuwar hanyar fatake wadda ta taso daga Katsina, ta bi ta Zurmi da Badarawa da Isa, ta ratsa dajin Gundumi, ta faɗa Sakkwato. Ƙaramin wuri ne, baƙo ya iya wuce shi bai ko waiwaya ba. Amma a nan ne Zamfarawa suka ce sarautarsu ta tsiro, tun ba a san Anka ba, balle Gusau. Saboda haka ya kamata hakimai da dagatai da malaman da ke aiki tare da su su san labarinsa.

Kada wanda ya ji sunan ya zaci wani dogon tsauni ne guda. Tarin duwatsu ne, manya da ƙanana, waɗansu bisa waɗansu, da kwazazzabai a tsakaninsu. Gulabe biyu ne suka rungumi wannan yanki: Bunsuru, wanda ya fito daga wajen Katsina ya bi ta Zurmi, da Gagare, wanda ya taso daga kudu ya bi ta Ƙaura Namoda. Dukansu can arewa suke zuba ruwansu cikin Gulbin Rima. Da damina, watau daga wajen Yuni zuwa Satumba, sukan cika su malala cikin fadamu. Da rani kuwa sai yashi, sai an tona kana a sami na sha. In aka nausa arewa maso yamma duwatsun sukan ƙare, ƙasa ta koma jigawa. Gabas kuwa daji ne, ya miƙe har ya haɗu da dajin Rugu na ƙasar Katsina.

Dalilin da ya sa mutanen da suka zaɓi dutse ba boyayye ba ne. Wanda ke bisa yana hango ƙurar maƙiyi tun daga nesa, doki kuma ba ya sukuwa cikin duwatsu. Ruwan sama yakan kwanta cikin kogunan dutse bayan tabkunan fili sun ƙafe, ga nama a dajin da ke kewaye. Abu ɗaya ne dutse ba ya bayarwa, shi ne gona mai faɗi. Duk labarin jama'ar wannan wuri a kan wannan yake juyawa: in an firgita a hau, in an sami lafiya a sauko neman abinci.

Masu ba da labari sun ce sarkin farko sunansa Dakka, wai shi da waɗanda suka gaje shi ƙatti ne, mafarauta. Akwai waɗansu manyan kaburbura a Dutsi da ake cewa nasu ne. Zancen tsawonsu dai abin baka ne, kowa da yadda kakarsa ta faɗa masa. Abin da ya fi kama hankali shi ne cewar da aka yi wani sarki, Bakurukuru, ya bar Dutsi ya gina Birnin Zamfara kusa da inda Isa take yanzu. Wannan ya yi daidai da halin ƙasar, don jama'a in ta yi yawa ba ta ƙoshi a tsakanin duwatsu, dole ta nemi fadama. Wani Bature Bajamushe, Kurt Krieger, ya tattara jerin sarakunan nan ya buga cikin 1959.

Birnin Zamfara ya ƙasaita, har albarkar ƙasar ta jawo Gobirawa daga arewa. Da fari baƙunta suka yi, suka roƙi wurin noma aka ba su. An ce gonar alƙalin Zamfara ce aka sauke su ciki, shi ya sa aka kira wurin Alƙalawa. Da suka yi ƙarfi sai Sarkin Gobir Babari ya ci birnin wajen 1762, sarautar Zamfara ta watse, ta koma Kiyawa, daga baya ta zauna Anka. Wannan ita ce babbar motsawar jama'a ta farko da aka san lokacinta. Zamfarawa da yawa suka yi kudu, waɗanda suka tsaya suka cuɗanya da Gobirawa har aure ya haɗa su.

Ba a yi shekara hamsin ba sai ga jihadi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya riga ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi cikin Zamfara, saboda haka ya sami mabiya a nan, musamman Fulani Alibawa na ƙasar Zurmi. Cikinsu ne aka sami Namoda, wanda ya kafa Ƙaura, yana kuma cikin mayaƙan da suka ci Alƙalawa a 1808. Tun daga nan sarautar wannan yanki ta koma hannun Alibawa, Dutsi kuwa, uwar sarakuna, ta zama ɗaya daga cikin garuruwan da ke bi.

Sai dai cin Alƙalawa bai kawo kwanciyar hankali ba. Gobirawan da suka ƙi bi suka kafa Tsibiri, Katsinawa suka kafa Maraɗi, ƙasar Zurmi ta zama bakin daga. Ko bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su, hari bai yanke ba. A kan hanyar komowa daga yaƙin Tsibiri ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya rasu cikin 1842, aka rufe shi a Katuru, ƙasar Shinkafi ta yanzu. Zamanin nan ba mai kwana a gona. Kowane gari da ganuwarsa, tsakanin gari da gari daji. Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya bi ta Zurmi a 1824, ya ce bayin da suka tsere wa iyayengijinsu can suke fakewa, wannan kuwa wata ƙofa ce da baƙin jini ya shigo ƙasar. Barth, watau Abdulkarimu, ya ratsa Dutsi kanta a 1853, ya tarar da gidaje warwatse rukuni-rukuni cikin duwatsu, da ƙyar ido ke gane su. Ashe mutane sun koma inda kakanninsu suka baro.

Turawa suka ci Sakkwato cikin Maris 1903, Ingila da Faransa suka ja iyaka tsakaninsu, hari ya mutu. Nan da nan aka fara fita daga ganuwa ana kafa tunga da unguwanni a bakin gona. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta koro mutanen arewa, Buzaye da Adarawa, waɗansu suka zauna ba su koma ba. Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka yi kuɗi, aka shiga sarar daji babu ji babu gani. Kasuwa ta bar tsohuwar hanyar fatake ta koma bakin dogo da hanyar mota. Ƙaura da Shinkafi suka cika, garuruwan fili irin su Galadi da Badarawa suka faɗaɗa gonakinsu, Dutsi ta tsaya inda take.

Wannan shi ya sa shari'ar gona a yankin nan take da wuya. Mai ƙara ya ce kakansa ya sari dajin, wanda ake ƙara shi ma ya ce haka, ta yiwu kuwa duka biyu gaskiya suka faɗa, don gona ɗaya an sare ta an bar ta ta koma daji an sake sare ta fiye da sau ɗaya. Alƙali mai hankali yakan fara tambayar wace sara ce ake nufi.

Zancen yawan jama'a kuwa, a zamanin En'e takardar haraji da ta jangali su ne ma'auni, kowa kuwa ya san mai gida ba ya ɗokin faɗin yawan mutanensa, Bafillace ma haka ga shanunsa. An rushe En'e a 1976, aka kafa ƙananan hukumomi, aka cire Jihar Zamfara daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 290,000 a ƙaramar hukumar Zurmi, fiye da 280,000 a Ƙaura Namoda, Shinkafi kuwa wajen 135,000. Da jama'a ta yawaita haka, noma ya ci burtali da makiyaya da mashaya, fari irin na 1973 ya ƙara matse kowa, faɗan manomi da makiyayi ya fara fin ƙarfin dagaci.

Daga wajen 2011 'yan fashin daji suka kafa sansani cikin dazuzzukan nan, satar shanu ta koma satar mutane. Ƙauyukan da aka kafa bayan 1903 da yawa an watse daga cikinsu, mutane sun tattaru a Zurmi da Ƙaura da Shinkafi da Gusau, waɗansu dubbai sun ƙetare zuwa ƙasar Maraɗi cikin 2019, wurin jikokin waɗanda a da suke kawo wa kakanninsu hari. Tun 2006 ba a sake ƙidaya ba.