Tura iskar kabon ƙarƙashin Tekun Arewa: Me ke hana kamfanoni zuba jari?

Fiye da shekaru 20 ke nan kamfanonin mai na Turai ke nazarin wata dabara mai ban sha'awa: a tara iskar kabon da masana'antu ke fitarwa, a matse ta, a tura ta cikin tsofaffin rijiyoyin mai da ke ƙarƙashin teku.

Iskar kan narke cikin ɗanyen man da ya maƙale a kofofin duwatsu, ta tsinka shi har ya samu hanyar fitowa. Ita kuma akasarinta sai ta zauna a can ƙasa, maimakon ta ƙara ɗumamar yanayi.

Tun 1972 ake yin haka a kan tudu a jihar Texas ta Amurka. To amma har yanzu babu filin mai ko ɗaya a Tekun Arewa, tsakanin Birtaniya da Norwe, da ake haƙo mai ta wannan hanya domin kasuwanci. Injiniyoyi sun san aikin. Wajen lissafin kuɗi ne ake cijewa.

Farashi biyu

Mai zuba jari a irin wannan aiki yana dogaro ne da farashi biyu, kuma babu wanda ke hannunsa.

Na farko shi ne farashin mai, wanda ya kai dala 147 kowace ganga a watan Yulin 2008, sannan ya faɗo ƙasa da dala 40 kafin ƙarshen shekarar.

Na biyu shi ne kuɗin da masana'antu ke biya a Tarayyar Turai domin izinin fitar da tan guda na iskar kabon. Ya kai kimanin Yuro 30 a farkon 2006, ya koma ƙasa da Yuro ɗaya a 2007, sai kuma ya haura Yuro 100 a watan Fabrairun 2023.

Kusan dukkan jarin a farko ake kashe shi, wajen shimfiɗa bututu da sake fasalin dandamalin haƙar mai domin kada iskar ta cinye ƙarfe. Ribar kuwa a hankali take shigowa, cikin shekaru 15 ko 20, kuma bututun da aka shimfiɗa a ƙasan teku ba ya ɗaukuwa a kai shi wani wuri.

Shi ya sa masana tattalin arziki ke cewa jinkiri ma yana da darajarsa, domin wanda bai sa hannu ba tukuna yana da damar ganin inda farashi ya dosa. Sai dai rijiyar mai ba ta jiran kowa. Da zarar ta ƙafe an rufe ta, damar ta wuce ke nan.

Abin da ya faru a Miller

A 2005 kamfanin BP da abokan hulɗarsa suka bayyana shirin gina tashar lantarki a Peterhead da ke Skotland, wadda za a riƙa tura iskar kabon ɗinta zuwa filin mai na Miller, mai nisan kilomita 240 daga gaɓa.

An yi ƙiyasin samun ƙarin ganga miliyan 40, tare da tsawaita rayuwar filin da shekaru 15 zuwa 20. Amma kamfanin ya ce aikin ba zai biya ba sai da tallafin gwamnati.

Gwamnatin Birtaniya ta zaɓi ta shirya gasa tsakanin kamfanoni, abin da ke buƙatar lokaci, alhali man Miller na gab da ƙarewa. A watan Mayun 2007 BP ya janye, kuma a shekarar ce filin ya daina fitar da mai. Kowane ɓangare ya yi ta jiran ɗaya ya fara motsawa, har abin da ake jira dominsa ya kuɓuce.

A wannan shekarar ce kuma kamfanonin Shell da Statoil suka jingine irin wannan shiri a filin Draugen na Norwe, bayan sun gano cewa ƙarin man da za a samu bai kai ya biya kuɗin gyaran dandamali da asarar dakatar da haƙa ba. Wannan kuwa a lokacin da mai ke tsada.

Peterhead ta sake yin rashin sa'a a watan Nuwamban 2015, lokacin da gwamnati ta janye fam biliyan ɗaya da ta ware wa wata gasar.

Inda aikin ya yiwu

Ayyukan da suka kankama su ne waɗanda aka rage musu rashin tabbas.

Norwe ta ɗora haraji kan iskar kabon a 1991. Saboda haka Statoil ya ga cewa binne iskar da yake cirewa daga gas ɗin filin Sleipner ya fi sauƙi a kan biyan harajin, ya kuma fara hakan a 1996. Haraji abu ne da kamfani zai iya lissafawa tun kafin ya kashe ko sisi.

A Brazil kuwa, iskar tare da mai take fitowa a rijiyoyin yankin Santos, don haka kamfanin Petrobras ba ya sayen ta, ba ya kuma jigilarta daga tudu. A 2022 ya mayar da fiye da tan miliyan 10 cikin rijiyoyin.

Aikin Northern Lights na kamfanonin Equinor, wato tsohon Statoil, da Shell da TotalEnergies ya fara binne iska a watan Agustan 2025, bayan gwamnatin Norwe ta ɗauki nauyin kimanin kashi 80 cikin 100 na kuɗin zangon farko.

Adanawa kawai ake yi a nan, a zurfin mita 2,600 ƙarƙashin teku, ba a fitar da ko ganga ɗaya, don haka farashin mai ya fita daga lissafi. Duk da haka, sai da wani kamfanin makamashi na birnin Stockholm ya sa hannu kan kwangilar kawo iska ta shekaru 15, sannan kamfanonin uku suka amince, a watan Maris na 2025, su faɗaɗa aikin daga tan miliyan ɗaya da rabi zuwa aƙalla tan miliyan 5 a shekara.