Yadda ake shigar da tambari cikin takardar bugawa ba tare da ya dushe ba

Jama'ar Azarori da kewaye, da ƴan uwanmu na Abijan, Legas da Agadas, yau bayaninmu kan tambari ne. Ƙungiyar manoman albasa ko ta mata sai ta biya kuɗin buga ƙyallen talla a Madawa ko Tawa, a kawo shi tambarin ya yi dishi-dishi, kuɗi sun tafi. Galibi matsalar daga irin fayil ɗin take.

Hoto a kwamfuta iri biyu ne. Akwai na ɗigo-ɗigo, wato JPEG da PNG, irin wanda waya ke ɗauka. In an ja shi ya yi girma sai ya farfashe. Akwai kuma zanen layi, wanda ake kira bekta: kwamfuta na riƙe da lissafin layukansa, don haka ko kan katin aure ko kan allon bakin hanya, tsaf yake fitowa. Ana gane shi da ƙarshen sunansa: SVG, EPS, AI ko CDR. PDF ma yana iya ɗaukarsa.

Wurin shigarwa, kada a kwafo shi daga fuskar waya. A CorelDRAW a danna Ctrl da I, a InDesign kuma Ctrl da D, sannan a zaɓi fayil ɗin. InDesign bai fara karɓar SVG ba sai fitowar 2020; mai tsohuwar manhaja ya nemi PDF ko EPS. Wanda ba shi da kuɗin waɗannan, Inkscape da Scribus kyauta ne, kuma suna karɓar SVG.

Sai a kula da haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. In kwamfutar mai bugawa ba ta da salon rubutun da aka yi amfani da shi, sai su koma akwatuna ko su ɓace, "ƙasa" ta zama wani abu. Maganinsa, mai zanen ya mayar da rubutun zane kafin ya aiko. A CorelDRAW Ctrl da Q ne. A adana kwafin farko, domin bayan haka rubutun ba ya gyaruwa.

Ku ƴan uwa da ke aiko da zane daga waje, WhatsApp yana matse hoto. Ku aiko da shi a matsayin takarda, ta wurin "Document". Mu kuma na gida, a buga gwaji kan takarda ɗaya, a duba launi da haruffa, kafin a biya kuɗin babban aiki.