Nasara: Asali da Sauye-sauyen Wani Tsohon Sunan Kiristoci

Daga cikin sunayen da aka fara kiran mabiya Annabi Isa Almasihu da su, kaɗan ne suka yi nisan zango kamar sunan Nasara, wanda mafi yawan masana suke danganta asalinsa da Nazarat, garin da Isa ya girma a ƙasar Galili. Tsohuwar shaidar amfani da shi ga jama'ar mabiya tana cikin littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 24, inda lauya Tartulus ya gurfanar da manzo Bulus gaban gwamna Filikus a Kaisariya, yana zarginsa da shugabancin ɗariƙar Nazarawa. Wannan ya nuna cewa tun farko abokan hamayya ne suka laƙaba sunan, kamar yadda ake ganin mutanen waje ne suka ƙirƙiro sunan Kirista a Antakiya.

Daga nan sunayen biyu suka raba hanya, domin Kirista ya mamaye ƙasashen da ake magana da Girkanci da Latinanci, shi kuwa Nasara ya zauna a harsunan gabas, inda Yahudawa suke cewa Nozrim da Ibrananci, masu Suriyanci kuma suka san Nasraye. A ƙarni na 4 sai ma'anarsa ta ƙuntata a bakin malaman coci, har Efifaniyus, bishop na Salamis a tsibirin Kubrus, ya lissafa Nazarawa cikin ƙungiyoyin da ya ɗauka sun kauce hanya, a littafinsa Panarion da ya rubuta wajen shekarar 375. Ya siffanta su da cewa Yahudawa ne da suka gaskata Almasihu amma suka ci gaba da riƙon shari'ar Musa, wato kaciya da kiyaye ranar Asabar, suna zaune a Biriya, wadda ita ce Halab ta yau, da yankin Fella a gabashin Kogin Urdun.

Alƙur'ani mai girma ya yi amfani da Nasara a matsayin sunan Kiristoci gaba ɗaya, kuma malaman tafsiri irin su Ɗabari sun kawo bayani biyu: ko dai an jingina su ga garin Nasira, wato Nazarat, ko kuma sunan ya samo asali daga taimako, saboda Hawariyawa sun amsa kiran Isa na zama mataimaka. A Kerala ta kudancin Indiya, Kiristocin da suke danganta cocinsu da manzo Toma suna kiran kansu Nasrani da alfahari, alhali Kiristocin Larabawa da yawa sun fi son Masihi, musamman bayan da 'yan ƙungiyar IS suka shafa harafin nun, wato harafin farko na kalmar Nasara, a gidajen Kiristocin Mosul a shekarar 2014 kafin su kore su.

Ta hanyar karatun Larabci sunan ya shigo ƙasar Hausa, inda ya sake samun sabuwar ma'ana, domin a lokacin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Banasare ya zama farar fata mai mulki ko da bai damu da addini ba, kamar yadda Waƙar Nasara ta Alhaji Umaru na Kete-Krachi, a ƙasar Gana ta yau, take nunawa. Har yanzu a Nijar ana ce wa Bature Annasara, su kuwa Kiristocin Hausa sun zaɓi Kirista ko mai bin Almasihu.

Saboda haka wajibi ne mai nazarin tsofaffin rubuce-rubuce ya tantance wanda ya furta wannan suna da zamanin da ya furta shi kafin ya yanke hukunci, kuma adalci shi ne a kira kowace al'umma da sunan da ta yarda da shi.